Yadda Muka Mayar da Baba Birkila Gida

Shekara tara na yi a sashen walwalar jama'a na wata ƙaramar hukuma a Abuja, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu aikin da na ƙware a kai kamar raka mutum tashar mota. Ba shi na karanta a jami'a ba. Na fito da digiri a nazarin zamantakewa, na taho babban birni da tunanin zan riƙa zama a ɗakin taro mai sanyi ina ba da shawara ana rubutawa. Sai ga ni sau biyu ko uku a wata ina tsaye a tashar Nyanya, fayil a hammata, ina jiran mota ta cika.

Lokacin farar hula sun ɗan jima da karɓar mulki, kuɗin mai na shigowa, gari kuma sai tashi yake. Hanyar da ka bi watan jiya ka ga ciyawa, in ka sake bi sai ka ga bene. Tirelolin siminti da rodi ba sa yankewa daga Dei-Dei. A daidai wannan lokaci ne kuma aka matsa da rusau. Unguwar da ta tsiro ba bisa tsari ba sai a zo a shafa mata jan fenti, bayan 'yan makonni buldoza ta iso. Mutanen da aka tasa suka gangaro Nyanya da Karu da Kurudu da katifu a ka, masu gidajen haya suka ga kasuwa ta buɗe suka ninka kuɗi. Wanda ya iya ya kama ɗaki. Wanda bai iya ba ya kwana a kango, ko barandar makaranta, ko ƙarƙashin tirela.

A wata shekara kansiloli suka ware ɗan wani kaso a kasafin kuɗi domin irin waɗannan mutane, aka damƙa wa sashenmu. Gida biyu aka raba kason. Ɗaya na riƙe wani gida ne a bayan Kurudu, tsohon asibitin sha-ka-tafi mai ɗaki shida da aka daina amfani da shi, a saya wa mazauna abinci da sabulu da kananzir. Ɗayan kuma na mayar da mutum garinsu ne. Ƙa'idar ita ce mutum ya zauna a gidan wata uku, in bai sami ɗakin kansa ba a biya masa mota.

Kuɗin nan biyu ba halinsu ɗaya ba. Na riƙe gida sai ka bi shi ofis-ofis, wani watan ya fito wani watan ya maƙale, kuma ko ya fito yau, gobe ma sai an ci abinci. Na mota kuwa da ka rubuta, kafin mako ya zagayo an sa hannu. Ba mugunta ba ce. Sau ɗaya ake biyan sa, direba ya ba da rasit, a rufe fayil, kowa ya huta. Akanta yana son abin da ke da ƙarshe, ciyaman ma haka.

Ban da haka, dukanmu mun yarda da abu guda ba tare da mun taɓa zama mun tattauna shi ba: in ka cire Gbagyi da sauran waɗanda birni ya zo ya tarar, babu ɗan Abuja. Kowa nema ne ya kawo shi, kowa yana da inda zai koma. Ni kaina ciki da falo nake haya a Nyanya, rufi na yoyo ina tara bokiti, amma duk abin da na rage daga albashi can garinmu nake aikawa ana ɗora mini bulo. Da Sallah rabin ofishin ya watse, da Kirsimeti ɗaya rabin. Saboda haka in mutum ya zo ya ce ba shi da wurin kwana, mu a ganinmu nisa kawai ya yi da wurin kwanansa.

Rakiyar ma tana da tsarinta. Ba a ba mutum kuɗin mota a hannu, don an gwada an ga wasu suna karɓa su koma kango. Direba ake ba, ya sa hannu, a rubuta lambar motar. A sayi burodi da ruwa, a ba matafiyi ɗan abin da zai riƙe na hanya. Sannan ma'aikaci ya tsaya har sai ya ga fitar motar daga ƙofar tasha da idonsa. In na koma ofis sai in rubuta a shafin ƙarshe, "An mayar da shi ga danginsa," in ja layi da jan biro. Na iya aikin nan har 'yan kamasho suka san ni, da sun hango ni sai su fara tambaya yau ina za a kai.

Baba birkila ya shigo gidan Kurudu da farkon damina. Haka kowa ke kiransa, ni ma haka zan kira shi a nan. Mutumin Filato ne, Kirista, daga wani ƙauye a kan duwatsu. Siriri ne, gashi duk ya yi fari, in ya ba ka hannu sai ka ji kamar ka kama bulo. Ya zo Abuja tun ana sarar daji, ya fara da ɗaukar kwanon kankare, ya koyi gini, ya yi aiki a gidaje da ma'aikatun da yanzu mai gadi ba zai bar shi ya tsaya a ƙofarsu ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗakin da ya gina wa kansa a wajen Dei-Dei yana cikin waɗanda jan fenti ya taɓa. Ga baya ya fara ciwo, 'yan kwangila kuma sun fi son samari masu jini a jika. Kayansa jaka ɗaya ce, sai wani tsohon buhu da yake zuba cokalin gini da igiya da guduma.

Mai kula da gidan wata mata ce daga kudancin Kaduna, ta yi aikin jinya ta ajiye. Madam muke ce mata. Gajera ce, mai faɗa, ko ciyaman ne ya zo abin da ke bakinta sai ta faɗa. Ita ta ba Baba gado a ɗaki na huɗu tare da wasu maza biyu. Kafin wata guda ya gyara matakalar ƙofa, ya toshe inda ruwa ke shiga kicin, ya yi wa rijiya baki. In ya ga ana gini a maƙwabta sai ya je ya roƙi ragowar kwaɓi ya taho da shi a kwano. Ba wanda ya sa shi, kuma ba wanda ya biya shi.

Da wata uku suka cika na je da fom, muka zauna a baranda.

"Baba, akwai dangi a gida?"

"Akwai, Oga. Yaran wana suna nan, su huɗu, kowa da mata."

"Gidan mahaifinku fa?"

"Yana nan."

"Kana zuwa?"

"Kowane Kirsimeti. Ban taɓa fashi ba."

"Suna karɓarka?"

Ya yi dariya. "Sosai. Har kaza ake yanka."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk na rubuta. Na ma ji daɗi, domin ba kullum ake samun fayil mai tsabta haka ba. Wasu sai ka yi ta tono kafin su tuna sunan ɗan'uwa guda.

Ya dubi fom ɗin, ya dubi tsakar gida, sannan ya ce, "Oga, ba za a iya bar ni nan ba? Ina gyara gidan. Katanga na baya ma yana so ya faɗi."

Na yi masa bayanin ƙa'ida. Na kuma gaya masa akwai masu jira, wannan ma gaskiya ne, don akwai wani ɗan dako da ya karye a ƙafa yana kwana a rumfar kasuwa. Baba ya ce to. Ya karɓi biro ya sa hannu a hankali, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Madam ta biyo ni har bakin titi inda nake jiran acaɓa.

"Oga, mutumin nan bai ce yana so ya tafi ba."

"Bai ce ba ya so ba, Madam."

"Ni dai na faɗi nawa."

Raina ya ɗan ɓaci. Ba na son a koya mini aikina, balle a bakin titi mutane na ji.

Ranar tafiya ya fito tsaf, riga gogagga, takalmi ya sha mai. Na biya direba, ya sa hannu, na rubuta lamba, na miƙa wa Baba na hanya. Muna jiran fasinja uku sai ya ce in ba shi izini ya zaga. Da ya dawo yana riƙe da baƙar leda cike da sabulu da sukari da ganyen shayi da alewa. Ko kwabo bai rage ba.

Na ce, "Baba, na hanya ne fa."

"Ba a shiga gida hannu rabbana, Oga. Yara za su taro ni."

Abin ya burge ni, har na ƙara masa burodi biyu daga aljihuna. Ban lura ba cewa jaka kawai ya ɗauko, buhun kayan aiki ba ya tare da shi. Motar ta cika gab da azahar, ta fita ƙofar tasha, ya ɗaga mini hannu ta taga. Na koma ofis na ja jan layi. Washegari ɗan dakon ya shiga ɗaki na huɗu.

Bayan kwana goma sha biyu wayata ta yi ƙara. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, kira yana da tsada, don haka Madam ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Oga, mutuminka ya dawo," ta kashe.

Na same shi zaune a gindin mangwaron da ke ƙofar gidan. Bai shiga ba. Jakarsa na gefe, ga kuma rabin buhun dankalin Turawa an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya miƙe ya gaishe ni da hannu biyu, ya tambayi iyali. Ni kuma abin da ya fara zuwa mini rai shi ne fayil. Na tambaye shi ko sun kore shi ne.

"Kora? A'a, Oga. Sun karɓe ni sosai."

Ya ba ni labarin ba tare da ƙorafi ba, kamar mai ba da rahoton aiki. Ranar da ya isa an yanka kazar. Babban ɗan wansa ya fitar da matarsa da jaririnsu daga ɗakinsu, suka koma wurin yara, aka shimfiɗa wa Baba sabon zanen gado. Yaran gidan na kiransa Baba Abuja. Ranar Lahadi fasto ya tsayar da shi a gaban jama'a aka tafa masa, aka kuma tuna masa cewa rufin coci ya tsufa. Ƙaramin 'ya'yan wan nasa ya same shi a keɓe ya roƙe shi ya nema masa aiki a Abuja, ko na masinja ne.

A kwana na biyar matar babban ta kawo abinci ta ce lallai wannan karon ogansa ya ba shi dogon hutu. A na takwas babban da kansa ya zauna kusa da shi ya ce, "Baba, kada aiki ya lalace saboda mu." A na goma sha ɗaya suka haɗa kuɗi su huɗu, suka haƙo dankali, suka ɗauki jakarsa.

"Suka kai ni tasha, suka ba direba kuɗi a hannu, suka tsaya har mota ya tashi," in ji shi. "Kamar yadda ka yi, Oga."

Ba da gatse ya faɗa ba. Da da gatse ne da na fi jin sauƙi.

"Me ya sa ba ka gaya musu ka dawo ke nan ba?"

"In gaya musu me? Shekara ashirin da biyar ni nake kai shinkafa." Ya dafa buhun dankalin. "Kuma ba ɗaki. Ɗakin babana yanzu na matar yaro ne. Gona an raba tun ina ɗaukar kankare. Sun tambaye ni lokacin, na ce su riƙe, ni ina Abuja."

Madam tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta shiga ta fito da tsohon buhun nan ta ajiye a gabansa. Ashe tun ranar tafiya ya ba ta ajiya. Ni dai ban dube ta ba.

Da zan tafi Baba ya kwance bakin dankalin ya cika mini leda. Na ƙi, ya dage, ya ce tsaraba ce, ba a ƙin tsaraba. Na hau acaɓa da fayil a hammata da dankali a cinya.

Washegari na shiga wurin shugaban sashenmu. Dattijo ne mai natsuwa, Alhaji, ya yi aikin gwamnati tun kafin in shiga firamare, ba ya cin kuɗin kowa kuma ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya jawo fayil ɗin ya buɗe shafin baya ya juyo mini da shi.

"Malam, rubutun wane ne wannan?"

"Nawa ne, Yallaɓai."

"Me ya ce?"

Na karanta masa.

"To ka gani. An biya, direba ya sa hannu, rasit yana wurin akanta. In muka sake buɗe masa, masu binciken kuɗi abu biyu za su ce: ko ba mu kai shi ba muka ci kuɗin, ko muna ciyar da mutumin da ke wurin danginsa. Wanne kake so su ce?"

"Yallaɓai, ai mutumin yana ƙofar gidan."

"Na ji. Amma a takarda yana Filato." Ya rufe fayil ɗin. "Mutum ɗaya sau ɗaya ne. In aka ji an mayar da ɗaya, duk waɗanda ka raka sai su dawo. Kana da ɗaki nawa?"

Ɗaki shida nake da su, kuma duk a cike. Na fito. Na yi tunanin in buɗe masa sabon fayil da wani suna, don ba wanda zai je Kurudu ya duba fuska. Tunanin ya kwana biyu a raina. Amma ƙarin girmana ya kusa, ga gini a garinmu ya kai linta, ga yara biyu a makaranta. Na ji kunya ƙwarai, sai dai kunyar ba ta kai ta sa in yi kasada da aikina ba. Dankalin kuwa matata ta soya shi da ƙwai, yara suka yi ta santi suna tambaya ko akwai saura.

Baba ya koma wani kango a bayan gidan, inda mai shi ya ɗora bulo har taga kuɗi suka ƙare. Ya kafa kwanon rufi biyu a kusurwa ɗaya. Madam na miƙa masa abinci ta ƙofar baya, in tukunya ta yi saura, in kuma ba ta yi ba ta rage nata. Da safe ya ɗauki buhunsa ya tafi mararrabar da leburori ke tsayawa, kowa da kayan aikinsa a gabansa, suna jiran motar ɗan kwangila ta tsaya. In ta tsaya samari su rufe ta, ya rage a baya. Wani makon ya sami kwana biyu, wani makon babu. Ni kuma na gyara lokacin zuwa Kurudu, na koma zuwa da hantsi, lokacin da na san yana mararraba. Haka damina ta ƙare.

Ƙarshen shekara ni na buga rahoton sashe. Yawan waɗanda muka haɗa da iyalansu ya yi kyau, Baba yana cikinsu, ban cire shi ba. Kansiloli suka yaba. A sabon kasafi suka ƙara kason mota suka rage na riƙe gida, don a ganinsu an gano abin da ke aiki. Zaɓe kuma ya matso, aka sayo kekunan ɗinki da injinan markaɗe da za a raba wa mata a matsayin tallafi, aka rasa inda za a ajiye su. Wani ya tuna da gidan Kurudu. Aka ce a kwashe ɗaki na uku da na huɗu, a matse mazaunansu a sauran ɗakunan, a toshe tagogi da bulo, a sa ƙofar ƙarfe.

Aikin ƙarami ne, bai kai a kira ɗan kwangila ba, aka ce in nemi magini in tsaya a kai. Kafin in buɗe baki Madam ta aika an kira Baba.

Kwana biyu ya yi yana aikin, ni ina zaune a benci. Ban taɓa tsayawa na kalli magini da kyau ba sai ranar. Ya ja igiya, ya jiƙa bulo, ya ɗora, ya ƙwanƙwasa da gindin cokali, ya kankare abin da ya fito ya mayar cikin kwano. Ba ya sauri, ba ya zubar da komai. Tagar ɗaki na uku ya toshe ta ruf. Da ya zo ta ɗaki na huɗu, wadda gadonsa ke ƙarƙashinta a da, sai ya bar gurbin bulo ɗaya a can sama ya sa ragar waya.

Na ce, "Baba, an ce a toshe duka."

"In ba iska, inji zai yi tsatsa, Oga."

Na ƙyale shi. Da yamma motar kaya ta iso, aka yi ta shigar da kwalaye har suka kusa taɓa silin. Baba yana wanke cokalinsa a bakin rijiya yana kallo. Da aka kulle ƙofar ya taho ya tsaya kusa da ni.

"Oga, kaya mai yawa haka, ba mai gadi?"

Ina so in ce ni na yi wannan tunani, amma ba ni ba ne. Ni dai na koma ofis na rubuta takarda cewa dukiyar hukuma tana bayan gari ba tsaro, ana buƙatar mai gadi cikin gaggawa. Ban taɓa ganin takarda ta yi gudu irin na wannan ba. A kwana uku ta fito da sa hannu huɗu. Fom ɗin ɗaukar mai gadi bai tambayi ko yana da dangi ba, masu tsaya masa biyu kawai ya nema. Ni da Madam muka sa hannu. Alhaji ya ga sunan, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya sa nasa hannun.

Aka ba Baba makulli da tocila da usur. Ya matsar da kwalaye biyu, ya shimfiɗa tabarma a ɗaki na huɗu daidai ƙarƙashin gurbin da ya bari. Albashin bai taka kara ya karya ba, amma bai taɓa makara ba, ko a watannin da kuɗin abincin gidan suka maƙale Madam ta yi ta kirana tana faɗa. An raba rabin kekunan kafin zaɓe, sauran suka zauna, daga baya aka kawo wasu aka ɗora a kai. Muddin akwai kwali a ɗakin, akwai wurin kwanansa. Katangar baya ma ya tashe ta.

Ni kuwa na ci gaba da raka mutane tashar Nyanya har na bar sashen. Na ƙara tambaya guda a cikin waɗanda nake yi: ko akwai ɗakinka a can? Fom ba shi da wurin rubuta amsar, don haka wani lokaci nakan rubuta a gefe da fensir, wani lokaci in ji kawai. Ba zan ce ta hana kowa tafiya ba. Fayil ɗin Baba yana nan yadda na rufe shi, ba wanda ya sake taɓa shi.

Da Disamba ta kama ya zo ofis da rigarsa gogagga. Ya bar rabin buhun shinkafa a wurin mai gadin ƙofa, ya shigo ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce hutu yake nema zai je gida. Madam ta yarda ta riƙe makulli. Na jawo takardar hutu na cike sunansa da aikinsa.

"Kwana nawa, Baba? Kana da damar mako biyu."

"Huɗu, Oga."

"Huɗu kawai? Ga nisa."

"A na biyar ne suke fara tambaya."

Na rubuta huɗu. Na ce ko in raka shi tasha, ya ce a'a, ya san hanya.